Idan duniya da kyau aka halicce ta, daga ina sauro da sikila? Yadda Kiristoci ke amsawa

Ruwan sama ɗaya ne. Wanda ya sauka a watan Agusta ya cika madatsar ruwa ta Kusada, ya sa gero ya fid da kai a gonakin da ke gefen titin Kano zuwa Katsina, shi ne dai yake kwanciya a kududdufai da ramukan da aka haƙi ƙasar gini a bayan gari, sauro ya zuba ƙwai a ciki. Kafin a kai ga yankan gero, iyaye mata sun fara layi da yara masu zazzaɓi a Babban Asibitin Kankiya da ƙananan asibitocin ƙauyuka. Duk wanda ya yi damina a wannan yanki ya san haka.

A gidan makoki ba a dogon bayani. Musulmi ne ko Kirista, abin da ake faɗa wa iyaye kusan ɗaya ne: sai haƙuri, Allah ya ba da dangana. Amma bayan 'yan gaisuwa sun watse an naɗe tabarmi, akwai tambayar da ke saura a ɗaki. Idan 'yan bindiga ne suka kashe mutum, kamar yadda ake fama a sassan jihar Katsina shekara da shekaru, an san wanda za a ɗora wa laifi, domin mutum ne ya zaɓi mugunta. To sauro fa? Ba ya gaba da kowa, abinci yake nema. Haka ruwan da ya afka wa garin Jibiya cikin dare a watan Yulin 2018, ya kashe fiye da mutum 40. Wa za a tuhuma?

Malaman tauhidin Kirista sun daɗe da raba wahalar duniya gida biyu: wadda ke fitowa daga hannun mutum, da wadda ke fitowa daga yadda duniyar kanta take, wato cuta, fari, ambaliya, girgizar ƙasa, da dabbar da ke cin 'yar uwarta da ranta. Ta biyun ce ta fi ba su wuya, domin babin farko na littafin Farawa ya nuna Allah ya duba aikinsa bayan ya gama, ya kuma yaba da kyansa. Wuyar ta ƙaru daga 1859, shekarar da Charles Darwin ya fitar da littafinsa kan abin da ake kira juyin halitta: cewa masu rai suna sauyawa a hankali cikin miliyoyin shekaru, waɗanda suka dace da muhallinsu su rayu su hayayyafa, sauran su ƙare. Idan haka ne, mutuwa ba baƙuwa ba ce da ta shigo daga baya. Da ita aka yi ginin.

Ba tambayar Turawa kaɗai ba ce

Kiristoci tsiraru ne a Kankiya da Kusada. Sun fi yawa idan aka nausa kudu, wajen Matazu, Malumfashi da Kafur, kuma da yawansu Hausawa ne gaba da baya, jikokin Maguzawa, waɗanda da Hausa suke wa'azi, da ita suke waƙa, da ita suke karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga cikakkiyar fassararsa ta Hausa a 1932. A Disambar 2023 aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan yankin Malumfashi, bishop na farko na sabuwar dayosis ɗin Katolika ta Katsina.

Tarihin cocin ECWA ma da ciwo ya fara. Matasa uku ne suka sauka a Legas a ƙarshen 1893 da niyyar kai wa'azi ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran wannan yanki a lokacin: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Cikin shekara guda rashin lafiya ta kashe biyu, Bingham kaɗai ya koma gida. Ƙungiyar SIM da ya ci gaba da ita ce ta haifi ECWA a 1954. Byang Kato kuwa, fitaccen malamin tauhidi da cocin ya fitar, teku ce ta ci shi a gaɓar Mombasa ta Kenya a Disambar 1975, yana da shekara 39. Ba cocin da zai ce bai san tambayar ba.

Abin da ya sauya shi ne makaranta. Ɗalibin da ke makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya yana koyon dalilin da ya sa kulorokwin, wanda iyayensa suka dogara da shi, ya daina kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro: 'yan ƙalilan da suka jure maganin su ne suka rayu suka yaɗu. Juyin halitta ke nan a gaban ido, ko da malamin bai ambaci sunan ba. Ranar Lahadi kuma ɗalibin, idan Kirista ne, zai ji an karanta Farawa. Dole wata rana ya nemi inda biyun suka haɗu.

Sikila: kariya da cuta a jini ɗaya

Babu misalin da ya fi sikila fito da matsalar fili, kuma ba sai an je nesa neman sa ba.

Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen haihuwar masu sikila, kimanin jarirai 150,000 a shekara. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar yana ɗauke da jinin AS, wato ya gaji ƙwayar daga ɗaya cikin iyayensa, amma ba ya ciwon. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Wanda ya taɓa kwana a gefen yaro mai sikila lokacin da ciwon ƙashi ya taso ba ya buƙatar a bayyana masa sauran.

Me ya sa ƙwayar gadon da ke kashe yara haka ba ta ƙare ba? Ai da kamata ya yi ta ɓace, tun da a da yawancin masu SS ba sa kai shekarun aure. A 1954 wani likita mai suna Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya nuna dalilin. Mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kariyar da bincike na baya ya kai ta kusan kashi 90 cikin 100. A ƙasar da sauro ke kashe yara, mai AA yana cikin haɗarin zazzaɓi, mai SS yana cikin haɗarin sikila, mai AS ne ke tsira ya haifi wasu. Shi ya sa taswirar sikila da ta zazzaɓin cizon sauro kusan ɗaya ce. Nijeriya kuwa ita ke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya, bisa alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya.

A 2018 wasu masu bincike biyu a Amurka, Daniel Shriner da Charles Rotimi, wanda ɗan asalin Nijeriya ne, suka bi sawun ƙwayar har zuwa tushenta. Ƙiyasinsu shi ne a jikin mutum ɗaya ta fara, kimanin shekara 7,300 da suka wuce, zamanin da Sahara take kore shar da tafkuna da ciyayi.

Kakanninmu ba su san wannan ba, amma sun ga sakamakon. Sun san matar da ke haihuwa yara na mutuwa ɗaya bayan ɗaya, suka ce wabi take yi, suka riƙa sa wa jariri suna irin Ajuji ko Ayashe don a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko ya zauna. Yarabawa na da abiku, Ibo na da ogbanje, kuma masu bincike sun danganta wani kaso na waɗannan mace-mace da sikila.

Ga inda gizo ke saƙa. A gida ɗaya, ƙwayar da ta hana zazzaɓi kashe yara biyu ita ce ta kwantar da na ukun. Ba za ka iya cewa wannan ɓangare na Allah ne, wancan na wani ne ba, domin abu ɗaya ne. Duk amsar da Kirista zai bayar sai ta bi ta wannan ƙofa.

Amsar da aka fi ji: Adamu ne ya jawo

Wannan ita ce amsar da aka gada, kuma ita ce mai sauraron wa'azi zai fi cin karo da ita. A babi na uku na Farawa, bayan Adamu da Hauwa'u sun saɓa umarni, an la'anta ƙasa saboda su, aka ce ƙayayuwa za ta fitar, kuma da gumi mutum zai ci abinci. Manomin Kusada da ƙuduji ya cinye wa dawa ba ya buƙatar mai fassara. Manzo Bulus ya ɗora a wasiƙarsa ga Romawa cewa ta hanyar mutum ɗaya zunubi ya shigo duniya, mutuwa ta biyo shi, sannan a babi na takwas ya kwatanta halitta duka da mace mai naƙuda. Agustin, bishop ɗin Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, shi ne ya fi kowa tsara wannan koyarwa a cocin Yamma: Allah bai halicci mugunta ba, mugunta lalacewar abu mai kyau ce, kamar yadda tsatsa take ga ƙarfe.

A nan akwai bambanci da maƙwabtansu Musulmi, waɗanda ba su yarda ana gadon zunubin Annabi Adamu ba, kuma ta fuskar ƙaddara da jarrabawa suke duban cuta da bala'i.

Ƙarfin amsar Adamu shi ne tana wanke Allah, tana kuma ba mai makoki izinin ya ƙi mutuwa, ya ce ba haka aka so ba tun farko. Rauninta kuwa yana binne a ƙasar Sakkwato.

Ƙasusuwan Goronyo

A duwatsun yankin Goronyo an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa mai dogon baki da haƙora irin na kada, har masana suka sa mata sunan garin, Goronyosaurus. Ta rayu ne kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce, lokacin da teku ta ratsa wannan yanki. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere ta Nijar, an sami wani kada da tsawonsa ya haura mita 9, mai shekara kusan miliyan 110. Irin waɗannan haƙora ba don cin ciyawa aka yi su ba. A 2020 kuma likitoci da masana a Kanada suka tabbatar da cutar dajin ƙashi a ƙafar wani dinaso mai shekara fiye da miliyan 70. Ɗan Adam irinmu, a lissafin masana, bai wuce shekara 300,000 ba a doron ƙasa.

To idan ana farauta, ana ciwon daji, ana mutuwa tun babu mutum, ta yaya laifin mutum ya jawo su?

Wasu Kiristoci sun ce lissafin ne ba daidai ba. A wajensu duniya ba ta wuce 'yan dubban shekaru ba, kwanaki shida na halitta kwanaki ne na zahiri, ƙasusuwan kuma Ruwan Tsufana na zamanin Nuhu ne ya binne su. Wani littafi da John Whitcomb da Henry Morris suka fitar a Amurka a 1961 ne ya farfaɗo da wannan ra'ayi, kuma yana da mabiya sosai a majami'un bishara. Sikila ba ta ba su wahala: sai su ce gurɓacewa ce da ta sami jini bayan faɗuwar Adamu, kuma shekara 7,300 ba ta yi nisa da lissafinsu ba. Wahalarsu tana wajen duwatsu. Masana ƙasa, har da Kiristocin cikinsu, suna auna shekarun dutse ta hanyoyi daban-daban da ba su dogara da juna ba, kuma amsar miliyoyi take fitowa. Saurayin da aka ce wa ya zaɓi ko imaninsa ko wannan awo, an ɗora masa kaya mai nauyi.

Akwai wanda ya nemi tsakiya. William Dembski ya ce a 2009, tun da Allah ya san Adamu zai faɗi, sai sakamakon ya riga laifin zuwa, kamar yadda Kiristoci suka yi imani cewa ceton gicciye ya koma baya ya haɗa da su Ibrahim. Dabara ce, amma ba ta sami karɓuwa sosai ba. Hukunci kafin laifi bai kwanta wa mutane a rai ba.

Cocin Katolika ta bi wata hanya. A 1950 Fafaroma Pius na 12 ya ce babu laifi a binciki yiwuwar jikin mutum ya samo asali daga halittun da suka gabace shi, muddin an riƙe cewa Allah ne ke halittar rai kai tsaye. A 1996 Fafaroma John Paul na 2 ya ce hujjojin juyin halitta sun wuce a kira su hasashe kawai. Littafin koyarwar cocin na 1992 ya bayyana duniya a matsayin wadda aka halitta tana kan tafiya, ba ta kai ga cikarta ba tukuna, shi ya sa ake samun ginuwa da rushewa tare. Wato kyan da Farawa ya ambata kyan shuka ne, ba na girbi ba.

Shaiɗan, makaranta, ko babu wata hanya

Ga waɗanda suka yarda duniya tsohuwa ce, saura a faɗi daga ina wahalar ta fito.

C.S. Lewis, marubucin nan na Birtaniya, ya kawo shawara a 1940 cewa wataƙila wata faɗuwa ta riga ta Adamu, wato ta Shaiɗan da mala'ikun da suka bi shi, kuma su ne suka ɓata halitta tun kafin mutum. Wannan amsa ba baƙuwa ba ce a kunnen jikan Bamaguje, wanda kakansa ya san cuta a matsayin aikin iskoki, ya kuma san hanyar gidan boka da 'yan bori. Tana kuma da kasuwa a majami'un da ake kwana ana addu'ar korar aljanu. Sai dai a gwada ta da sikila: Shaiɗan ne ya ba mai AS kariya? Idan kuma Allah ne ya ba da kariyar, ai ƙwayar ɗaya ce. Ban da haka, Zabura ta 104 ta nuna zakuna suna neman abincinsu daga wurin Allah ne, ba daga wurin wani ba. Haɗarinta a aikace shi ne uwa ta kwana uku a wurin addu'a alhali jinin yaron yana ƙarewa.

John Hick, a littafinsa na 1966, ya koma ga Iraniyus, wani bishop na ƙarni na biyu, wanda ya ga Adamu kamar yaro ne da bai gama girma ba. A wajen Hick duniya makaranta ce. Inda babu haɗari babu jarumta, inda babu mai ciwo babu mai jinya, kuma mutum ba ya zama mutum a kan katifa. Bahaushe zai gane wannan, shi da ya ce wuya makarantar kare. Amma jaririn da ya mutu yana wata takwas, wane darasi ya ɗauka? Idan aka ce iyayensa ne ke koyo, an mai da shi allon karatu ke nan. Kadan Gadufawa da abin da ya ci kuwa ba su da ɗabi'ar da za a gyara.

Amsar da ta fi fuskantar kimiyya gaba da gaba ita ce ta su John Polkinghorne, masanin fiziya na Jami'ar Cambridge da ya ajiye kujerarsa ya zama limamin cocin Angilika, da Christopher Southgate na Jami'ar Exeter, wanda ya fitar da littafi kan batun a 2008. Polkinghorne ya ce kamar yadda Allah ya ba mutum 'yancin zaɓi, haka ya ba halitta damar ta riƙa gina kanta bisa ƙa'idojin da ya sa mata. Sauyin ƙwayoyin gado da ke kawo sababbin halittu shi ne ke kawo ciwon daji. Motsin ɓawon ƙasa da ke sabunta ma'adinai shi ne ke kawo girgiza. Ba a sayen ɗaya a bar ɗaya. Southgate ya ƙara da cewa mai yiwuwa babu wata hanyar samar da duniya mai irin wannan yalwar rai sai wannan. Amma shi da kansa ya ce wannan bai isa ba, sai an haɗa da abu biyu: cewa Allah yana shan wahalar tare da kowace halitta, wanda a wajen Kirista gicciyen Yesu ne shaidarsa, da cewa akwai sabuwar halitta inda za a cika wa waɗanda aka tauye.

Wannan ce kaɗai, a ganina, ta dubi sikila yadda take ba tare da kau da kai ba. Amma tana da tsada. Masu suka suna tambaya: Mai iko duka ne za a ce ba shi da wata hanya? Idan kuma zai iya yin Aljanna babu ciwo, me ya hana ya fara da ita? Sannan ba magana ce da fasto zai iya faɗa wa uwa a bakin kabari ba, cewa ɗanta kuɗin kariyar 'yan uwansa ne.

Darwin kansa a nan ya tsaya. 'Yarsa Annie ta rasu a 1851 tana da shekara 10. A 1860 ya rubuta wa abokinsa Asa Gray, masanin tsirrai a Harvard kuma Kirista mai riƙo, cewa ya kasa yarda Allah mai jinƙai da gangan ya tsara wani dangin zanzaro da ke zuba ƙwai a jikin tsutsa, 'ya'yan su cinye ta daga ciki tana da rai. Duk yaron da ya taɓa fasa ɗakin zanzaro a jikin bango ya ga tsutsotsin da aka jera a ciki ya ga makamancin abin. Gray bai bar imaninsa ba, bai kuma bar ka'idar abokinsa ba.

Wanda aka haifa makaho

Abin lura shi ne Littafi Mai Tsarki kansa bai cika son ba da dalili ba. Abokan Ayuba sun zo da cikakken bayani, cewa lallai akwai laifin da ya yi, a ƙarshe su aka tsawata wa. Da Allah ya amsa wa Ayuba, bai faɗa masa dalili ba, sai ya zagaya da shi cikin halitta: jimina, jakin jeji, shaho, da ruwan da ke sauka a dajin da babu kowa. A babi na tara na Bisharar Yahaya, almajirai sun ga wanda aka haifa makaho suka tambayi Yesu ko laifinsa ne ko na iyayensa. Ya ce ba ko ɗaya, sannan ya warkar da shi. A Luka 13 ya kawo zancen mutum 18 da hasumiya ta faɗo wa, ya ce ba su fi sauran mutanen gari laifi ba.

Wannan karatu ya bar sawu a Katsina. Kuturta cuta ce da aka daɗe ana kallonta kamar la'ana, har sai da likitan Norway Gerhard Hansen ya gano ƙwayar da ke kawo ta a 1873. A ƙarshen shekarun 1930 'yan mishan na SIM suka karɓi kula da kutare a Babbar Ruga kusa da birnin Katsina, da Yadakunya a Kano, da Amanawa a Sakkwato, bisa yarjejeniya da hukumomin En'e. Ba a rasa zargi ba, domin magani da wa'azi tare suke tafiya, kuma sarakuna sun sa ido. Amma dubban mutane, yawancinsu Musulmi, sun sami magani a wuraren, musamman bayan zuwan dafson a ƙarshen shekarun 1940.

Akwai kuma tambayar ko nawa ne daga abin da muke ɗora wa halitta nata ne da gaske. Michael Watts, wanda ya yi bincike a Kaita a shekarun 1970, ya nuna cewa yunwar Kakalaba ta 1914 ba rashin ruwa kaɗai ba ne, harajin Turawa da ya tilasta wa manoma sayar da hatsi ya taimaka. A Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun mutu da tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida, ta kuma ambaci yanke tallafin ƙasashen waje da tsadar abinci da rashin tsaro. A Ingila yawancin yaran da aka haifa da sikila suna kai girma. Jinin ɗaya ne da na yaron Kusada. Gwajin jarirai, rigakafi da jinin ƙari ne suka bambanta.

Shi ya sa muhawarar takan sauko daga littattafai ta tsaya a ofishin fasto ana saura 'yan watanni biki. Majami'u da yawa a Nijeriya yanzu suna neman takardar gwajin jini kafin su ɗaura aure, kuma a Mayun 2024 jihar Kano, wadda ke maƙwabtaka da wannan yanki, ta mai da gwajin doka. Saurayi da budurwa masu AS za su zauna a gaban mutum ɗaya, kuma abin da ya yi imani da shi game da asalin cutar shi zai fito daga bakinsa. Wani zai ce su yi azumi su karya la'anar. Wani zai ce su ba da gaskiya su shiga. Wani zai ɗauki biro ya zana musu akwati huɗu, AA, AS, AS, SS, ya gaya musu cewa lissafin sabo yake komawa a kowane ciki.

A waje kuma ma'aikatan lafiya na bi gida-gida duk damina suna ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin kariya daga zazzaɓi, kuma a Disambar 2024 aka fara allurar rigakafinsa a jihohin Kebbi da Bayelsa. Idan aka yi nasarar kawar da zazzaɓin, ƙwayar sikila za ta rasa aikin da ya riƙe ta shekara dubu bakwai, amma ba za ta tafi nan da nan ba. A Amurka, inda aka kawar da zazzaɓin cizon sauro tun farkon shekarun 1950, baƙar fata ɗaya cikin 13 har yau da ita ake haifarsa.